Zauren Jama'a Da Abin Da Ke Raya Shi

Duk wanda ya saba ratsa garuruwan ƙasar Hausa, musamman waɗanda suke hedikwatar ƙaramar hukuma, ba zai rasa lura da wani irin gini ba wanda siffarsa kusan ɗaya ce a ko'ina, wato dogon ɗaki mai rufin kwano, kewaye da katanga, da ƙyauren ƙarfe, da allo a bakin hanya wanda rana da ruwa suka cinye rabin rubutunsa, sauran rabin kuwa yana shaida wa mai wucewa cewa nan ce cibiyar mata, ko cibiyar matasa, ko ɗakin taron gari. In kuwa mutum ya tsaya ya tambayi mai shayin da ke jingine da katangar yaushe ake buɗe wurin, galibi amsar da zai samu ita ce sai ranar da wani ya kama shi don walimar aure, ko ranar da manya za su zo daga birni rabon kekunan ɗinki. Wannan hali ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin dukiyar jama'a ce aka zuba a gine-ginen nan, buƙatar da aka yi su dominta kuwa tana nan ba ta gushe ba, bal ma ƙaruwa take yi gwargwadon yadda garuruwa ke cika, zumunci yana raguwa, samari suna yawaita ba aiki ba makaranta.

Abin da nake son in tabbatar shi ne mun juya tsarin al'amarin, mun sa na ƙarshe a farko. Mun ɗauka cewa da zarar an yi gini jama'a za su taru, alhali kuwa tarihinmu, tun daga zamanin jihadi har zuwa jiya-jiyan nan, yana nuna cewa taro mai wa'adi, da malami mai zama, da ɗalibi mai dawowa, su ne asali, gini yana biyo baya ne idan asalin ya kafu.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, Allah ya ƙara mata rahama, ta shimfiɗa wa matan karkara tafarkin karatu wanda har yau masana na gida da na waje suke jinjina wa hikimarsa, ba tare da ta gina wa aikin wani ɗaki na musamman ba. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali da amana daga ƙauyuka, ta ba kowacce muƙamin jaji, ta ɗora mata malafa alamar izini, ita kuwa jajin ta riƙa jagorantar ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su ɗauki karatu a cikin waƙe, na tauhidi da tsarki da salla da tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, su haddace, sa'an nan su koma su karantar da matan auren da hidimar gida ta tsare. Waɗannan su ne 'Yan Taru, kuma da Nana ta yi wafati ƙanwarta Maryam ta ɗora daga inda ta tsaya. Mai lura zai ga rukunan abin ba su wuce mutum sananne da aka ɗora wa alhaki, da lokaci sananne, da abin karantarwa tsararre ba. A kan waɗannan rukunan ne makarantun ilimi na zaurukan malamai suka rayu ɗaruruwan shekaru, inda tela da ɗan koli da attajiri suke zama a tabarma guda bayan Asuba ko bayan La'asar, kowa da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala, kowa yana jiran layinsa ya biya malam ya fassara.

Da ilimin boko ya shigo, 'yan ƙalilan ɗin da suka same shi ba su jira an yi musu gini ba su ma. A 1943 aka kafa wata majalisar muhawara a Bauchi, inda malaman makarantar Midil da ma'aikatan En'e suke haɗuwa su tattauna mas'alolin ƙasa, a cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ba ta yi tsawon rai ba, domin da muhawara ta kai ga yadda ake gudanar da mulkin En'e da matsayin sarakuna a cikinsa sai hukuma ta ga abin ya wuce inda take so ta rufe ta, su kuwa suka kafa wata ƙungiyar tasu ta ƙashin kansu. A Sakkwato Malam Shehu Shagari da abokansa suna da ƙungiyarsu ta samari, a Kano akwai Taron Masu Zumunta, a Zariya da Kaduna ma haka, kuma daga irin waɗannan ƙananan tarurruka ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fito a 1948 a matsayin ƙungiyar zumunci da al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, NEPU kuwa ta bayyana a Kano a 1950. Ni a ganina fa'idar majalisun nan ta fi ƙarfin siyasar da suka haifa, domin a nan ne saurayi ya koyi ya yi shiru har abokin hujjarsa ya kai aya, ya koyi kawo dalili maimakon ɗaga murya, ya koyi rubuta abin da aka zartar da riƙe kuɗin ƙungiya da ba da lissafinsu. Kuma ba abin mamaki ba ne da Firayim Minista da Shugaban Ƙasa suka fito daga cikin waɗanda suka yi wannan tarbiyya.

Sai kuma Yaƙi da Jahilci, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura a farkon shekarun 1950, da cibiyarsa a Zariya, Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan jagororinsa. A nan ya kamata mu daɗe kaɗan, domin yana cikin manyan gwaje-gwajen da aka taɓa yi a ƙasar nan na tara manya wuri guda don koyo. Ajin yakan zauna ne a gindin bishiya, ko a zauren dagaci, ko a rumfar kasuwa bayan an watse. Malamin mutumin garin ne wanda ya iya karatu da rubutu, a ba shi ɗan horo da ɗan alawus. Ɗalibai kuwa manoma ne da masu sana'a, su yi 'yan watanni, a jarraba su, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Amma hikimar da ta fi burge ni ita ce masu tsarin sun gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali, muddin bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta; saboda haka aka kafa hukumar NORLA tana buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi a dandali goma su saurara. A kan mutane da takarda wannan yaƙi ya dogara. Da aka rufe NORLA a 1959 an yanke wa aikin wata babbar jijiya, amma tsofaffin da suka iya sa hannu da karanta wasiƙa albarkacinsa mun riske su, mun ji daga bakinsu.

Na taɓa zama a bayan wani ajin manya na dare wanda ake yi a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi, magidanta sun cusa gwiwoyinsu a bencin da aka yi don 'yan shekara bakwai, fitila ɗaya a kan teburin malam. Akwai wani mahauci mai furfura a gemu, ya damƙe fensir da dukan tafinsa, yana dannawa har takarda tana hujewa, malamin kuwa, wanda bai kai ɗansa na fari ba, ya durƙusa a gefensa yana cewa, "Baba, sassauta hannun, a hankali." Ya rubuta sunansa, ya goge da yatsa, ya sake, har haruffan suka tsaya a kan layi, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ke nan na bar dangwale?" Malam ya ce, "In Allah ya yarda, Baba, kun bari." Ajin duka ya ɗauki kabbara. Abin da ya kawo wannan dattijo daren nan, ya kuma dawo da shi washegari, shi ne yaƙinin da yake da shi cewa in ya zo bayan Isha zai tarar da malam a zaune.

Wannan yaƙini shi ne abin da Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ta samar wa dubban mutane, har ta sami lambar yabo daga UNESCO. Kuma ba na shakka cewa ajujuwan nan, haɗe da shirin firamare na bai-ɗaya na 1976, su suka tanadi masu karatun da kasuwar littattafan Hausa ta tsaya a kansu daga tsakiyar shekarun 1980. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙarama, ta hanyar ajin ɗinki da saƙa ta koma ga karatu, ga shi littafinta Alhaki Kwikwiyo ya kai ga an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, wadda ita da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino suke cikin jigoginta, marubuta ne suka haɗa kai suna duba rubutun juna suna taimakon juna wajen bugu da sayarwa. Haka nan fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirga farkon sana'ar finafinan Kano daga kansa, aikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta Tumbin Giwa. Ko mutum yana son abin da sana'ar nan ta zama a yau ko ba ya so, ba zai musa cewa mutane masu yawan gaske suna cin abinci a cikinta ba, kuma tushenta 'yan samari ne da suke haɗuwa da yamma suna gwajin wasa.

To, yaya aka yi muka koma ga ƙyauren da ke garƙame? Daga 1987, lokacin da uwargidan shugaban ƙasa Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, cibiyoyin mata suka bazu a ƙananan hukumomi, kuma adalci ne a faɗi cewa an yi niyyar alheri, mata da yawa sun koyi ɗinki da saƙa da yin sabulu da man shafawa a cikinsu. Illar ita ce an ɗaure cibiyoyin a jikin mai mulki, ta yadda da gwamnati ta sauya sai shiri ya sauya suna, kamar yadda na tallafa wa iyali ya maye gurbin na matan karkara a 1994, sabon mai iko kuwa ya fi son ya yanke ƙyallen sabon gini da a ce ya biya malamar da wani ya ɗauka. Gini ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, akwai kwangila a cikinsa. Alawus ɗin malamar ɗinki na wata-wata ba mai ganinsa sai ita da Mahaliccinta. Na leƙa wata cibiya irin wannan ta taga, na ga kekuna a jere an lulluɓe su da buhu, wani ba bel, wani an cire kansa, ƙura ta yi kauri a kan allon da har yanzu yake ɗauke da awon rigar yaro da alli. Matar da ke maƙwabtaka da wurin ta ce mini malamar ta yi ta zuwa tana biyan kuɗin mota daga aljihunta har ta gaji. Ƙungiya tamkar rijiya take, in ana ɗiba kullum ruwanta yana tsattsafowa garau, in aka bar ta sai ya ruɓe, kome kyan bakin da aka ɗaure mata.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗani irin wannan ta wata fuska. Tun farkon shekarun 1960 suna da kulob-kulob na sauraron rediyo, inda mutanen ƙauye suke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da Samariya, kowace unguwa da sarkin samarinta, ana gayya, ana gina ajujuwa, ana gasar waƙa da wasan kwaikwayo a gidajen samari, abin gwanin sha'awa. Amma da yake hukuma ce ta riƙe linzamin, da guguwar jam'iyyu ta taso a farkon shekarun 1990 sai Samariya ta yi sanyi, samari suka koma fada, wato zaman shayi a bakin titi. Japan kuwa, bayan ta sha kaye a yaƙin duniya na biyu, ma'aikatar iliminta ta yi kira a 1946 da a kafa zauren jama'a a kowane gari da ƙauye, aka tabbatar da shi da doka a 1949, kuma da yawa daga cikinsu sun fara aiki ba su da ginin kansu, a makaranta ko a ofishin gari suke fakewa. Abin da suka fara tanada shi ne ma'aikaci da tsarin darussa, shi ya sa har yau suna raye.

Mai karatu yana iya cewa, ai muna da masallatai da Islamiyyu, muna da majalisu a kowace kusurwa, ga waya a hannun kowa, me za mu yi da wani zaure kuma? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Hasali ma Islamiyyun matan aure da makarantun dare, da ayyukan ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, su ne hujjata mafi ƙarfi, domin sun rayu ba tare da kasafin gwamnati ba, saboda akwai malama, akwai lokaci, akwai ɗan abin da ɗaliba take bayarwa ranar Laraba. Sai dai kowace daga cikinsu tana da mai ita, ta wannan ɗariƙa ce ko ta waccan ƙungiya, kuma hakan ba aibi ba ne. Amma gari yana buƙatar ɗaki guda wanda ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa, da maƙwabcinsu Kirista, da baƙon da aiki ya kawo, za su shiga ba tare da ɗayansu ya ji shi baƙon ɗaya ne ba, su koyi gyaran famfo ko lissafin kasuwanci ko kwamfuta, kuma a cikin koyon su san fuskar juna tun kafin ranar fitina. Majalisa kuwa, duk da ba ta da ƙofa, a rufe take, domin ta sa'o'in juna ce, ba mace a cikinta, ba dattijo a ta samari, kuma abin da aka tattauna yau ba a ɗora wani abu a kansa gobe. Waya tana kai labari, amma ba ta kama hannun mai koyo ta gyara masa riƙon almakashi, kuma mun ga yadda mutum yake rubuta wa ɗan'uwansa a WhatsApp kalmar da ba zai iya furta ta ba in suna zaune gwiwa da gwiwa.

Ni ina ganin raya irin wannan wuri yana cikin babin farali na kifaya, wanda in wasu suka tsaya da shi an sauke wa saura, in kowa ya bari kuwa laifin ya hau kan gari duka. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44, kuma da wuya a sami wadda ba ta da ɗaki ko ɗaya da ke kulle, ko makarantar firamare da ke zaman banza daga Azahar zuwa wayewar gari. Ba sabon gini nake roƙo ba. Ina roƙon a ɗauki mutum ɗaya mai amana a kowace cibiya, albashinsa ya shiga cikin na ma'aikata na dindindin yadda sauyin shugaba ba zai taɓa shi ba, aikinsa ya buɗe, ya share, ya riƙe rajista, ya nemo masu koyarwa. Masu koyarwar kuwa suna nan birjik a kowane gari, tsofaffin malaman makaranta, da malaman asibiti da na gona da suka yi ritaya, waɗanda iliminsu yake tsufa tare da su a ƙofar gida, da yawansu abin da suke so bai wuce a gayyace su da mutunci a biya musu kuɗin mota ba. A manna jadawali a jikin ƙyaure, a kuma tsara shi bisa rayuwar mutane: matan aure da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, 'yan kasuwa bayan Isha, manoma da rani. Kowane ɗalibi ya ba da wani abu kome ƙanƙantarsa, domin wanda ya biya yakan tambayi dalili ran da malam bai zo ba.

Game da kuɗin gudanarwa, shari'armu ta riga ta buɗe mana ƙofar hubusi, wato waƙafi, wanda da shi ne aka riƙe makarantu da asibitoci da masaukan baƙi a biranen Musulunci ƙarni bayan ƙarni, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi a yau. Attajirin da yake son sadaka mai gudana, in unguwarsu ta riga ta wadatu da masallatai, yana iya tsayar da shaguna uku ko huɗu a jikin katangar cibiya, a rubuta a gaban alƙali da shaidu cewa hayarsu ta alawus ɗin malamai ce da gyaran kekuna da kuɗin wuta, ba a sayarwa, ba a gado. Ba da hayar ɗakin don walima ma ba laifi ba ne, da sharaɗin kada biki ya ture aji daga lokacinsa, kuma abin da aka karɓa a rubuta shi a karanta wa jama'a duk wata uku. Mabuɗi kuwa kada ya kwana a aljihun shugaban ƙaramar hukuma ko na ɗan jam'iyya. A damƙa shi ga kwamitin unguwa wanda mai unguwa da liman da wakilin masu sana'a da wakilin samari suke ciki, da mata aƙalla biyu waɗanda ɗalibai mata suka zaɓa da kansu, a kuma sabunta kwamitin duk shekara biyu.